Hausar Garinmu a Bakin Mai Kira

Shekarata ta farko a Kaduna ban cika buɗe baki a motar haya ba. Daga wani gari na ƙasar Zamfara aure ya kawo ni, inda muke cewa kassuwa da hulla, muna danne kalma kamar muna jin haushinta. Ranar da na fara shiga bas ni kaɗai, kwandasta ya tambayi inda zan sauka, na ce masa Kakkuri. Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Wata mata mai kwandon tumatir a cinya ta sa na maimaita har sau biyu, wai ita dai daɗin ji yake mata. Na sauka tun ba a kai ba, na ƙarasa gida a ƙafa ina share hawaye da bakin mayafi.

Daga ranar na kasa kunne. Na gane a wannan tsallaken na kogin Kaduna ba sai an tambayi sunanka ba, sunan unguwa kawai za a bari ka faɗa. Wanda ya ce Unguwar Mu'azu, ya ba kowane harafi haƙƙinsa, an san ya yi allo. Wanda ya ce Angwan Mazu, an san inda yake zuwa ran Lahadi. Unguwar da mutanen Tudun Wada ke kira Talabijin, masu ita Telebishan suke cewa. Gonin Gora ma wasu su raba shi biyu, wasu su dunƙule shi a numfashi ɗaya. Ni kuwa ba na son a san komai a kaina, sai na koyi ta tsakiya, Hausar Kaduna mai sulɓi wadda ba ta nuna gidan kowa. Cikin shekara uku na binne munka da sunka, na daina tahiya na koma tafiya. In aka ce mini ai kamar a nan aka haife ni, har wani fasa kai nake yi.

Gidan haya muke zaune a Kakuri, bayan layin dogo, ɗaki takwas famfo ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na Maman Biyu ne, mutuniyar Filato. Mijinta da maigidana tare suka yi aiki a masaƙa, tare kuma aka sallame su. Maigidana ya koma ɗinki. Baban Biyu ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura yana ɗauko gawayi daga ƙauyukan da ke gaba da Gonin Gora. Mutum ne mai sanyi, in ka ji muryarsa ta ɗaga to da motar nan yake faɗa. Matarsa ce mai baki, kuma a Hausarta babu mace babu namiji, kowa ka ne. Shekara goma sha bakwai ina gaya mata ni mace ce, tana ce mini ta sani, ai shi ya sa take kira na Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Wata Talata cikin damina Baban Biyu ya fita bai dawo ba. Washegari aka tarar da motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, gawayi rabin lodi. Ba wanda ya tambayi me ya faru, kowa ya sani. Abin da ake jira kawai waya ce.

Ran Alhamis da hantsi ta shigo, da lambar Baban Biyu. Ƙanensa ne ya ɗauka, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Telebishan, wanda tun da abin ya faru yake wuni a gidanmu. Ya sa ta a sifika don matan cocinsu da suka cika tsakar gida su ji. Ni ina bakin ƙofata da faranti a cinya ina tsintar shinkafa, ina yi kamar ba saurare nake ba.

"Wa na? Kai na ƙanen tsohon ga?"

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Ban san muryar ba, ta saurayi ce, ba gaggawa a cikinta. Amma bakin namu ne. Ba kama ya yi da namu ba, shi ne, da jansa da saukarsa, irin wanda na sha da nono. Na ji wata kunya ta rufe ni, kamar ni ce na yi satar.

Ƙanen nan Hausarsa ta ofis ce, rabinta Turanci. Mai kiran ya yi magana doguwa, shi kuma ya ce masa bai gane ba. Ya sake, ƙanen ya ce masa ya maimaita a hankali. Da aka yi ta uku sai muryar ta canza. Ya ce ya san wannan wayon, ana jan shi da magana ne don ma'aikatan tsaro su gano inda yake. Wannan ma ƙanen bai gane ba, ya sake cewa me ka ce. Sai muka ji saukar sanda, muka ji Baban Biyu, mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙara ba. Sau huɗu, na ƙirga ba da son raina ba. Mai kiran ya ƙara faɗin wani abu, waya ta mutu.

Maman Biyu ta zube a ƙasa. Matan suka rufu a kanta, ƙanen yana juya wayar a hannu yana tambayar ko akwai wanda ya kama maganar ƙarshe. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce cewa ya yi gobe war haka zai sake kira, in aka sake yi masa kurman ƙarya to kada a jira kira na uku. Duk suka juyo suna kallo na.

Bayan la'asar maigidana ya ja ni ɗaki ya rufe ƙofa. Ba ya cikin masu yawan magana, amma ranar ya yi. Ya ce in cire hannuna. In aka yi nasara za a ce addu'a ce, in kuwa mutumin nan ya mutu a daji, bakina za a tuna. Ya ce in dubi unguwar da muke, in dubi mu Hausawa nawa ne a layin. Na san gaskiya ya faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji da ya hana ni, don tsoro nake ji kamar in mutu. Muka shirya da safe zan tafi Tudun Wada wajen wata 'yar uwarsa in wuni, sai an gama kira in dawo.

Ina cikin yafa mayafi da safen Maman Biyu ta ɗaga labulena. Ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta durƙusa, gwiwa biyu, a kan siminti mai jiƙe da ruwan daren jiya, mace da ta girme ni da shekara biyar.

"Hajiya, ka taimake ni. Kai kadai ka na jin bakinsu."

Bakinsu. Kalmar ta soke ni, amma ba ƙarya ta yi ba. Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa da ke gabansa. Na cire mayafin na ninke.

Kafin hantsi na yi alwala har sau biyu, don ta farkon ba ta tsaya ba. Aka ajiye mini kujera 'yar tsugune a tsakiyar gida, aka ɗora wayar a kan bokiti kife. Ƙanen ya zauna kusa da ni da takarda, ya rubuta abin da za a ce. Maganar kuɗin da masu garkuwar suka nema ba zan kawo ta nan ba, shi da danginsa da cocinsu suka ji da ita. Ni baki kawai aka ara.

Da wayar ta yi ƙara na yi sallama da Hausata ta Kaduna, wadda na yi shekaru ina gogewa. Na ce ni maƙwabciyarsu ce, an sa ni in yi magana a madadin iyali. Mai kiran ya ce shi ba ya magana da 'yar sanda. Ya ce jiya an kawo masa kurma, yau an kawo masa ma'aikaciya, to ya gane ba a son tsohon. Na ji yana kiran wani ya miƙo masa abu. Maman Biyu ba ta gane kalmomin ba, amma ta gane fuskata, ta damƙe mini ƙafa.

Ban san inda ta fito ba. Na ji dai bakina ya buɗe, wata mata da na binne kusan shekara ashirin ta yi magana.

"Samari, tsaya mu gaisa. An kwan lahiya? Ƙaƙa anka ji da ruwa?"

A garinmu ko kana riƙe da wuyan mutum aka gaishe ka sai ka amsa, sannan ka ci gaba. A kan wannan kaɗai na dogara. Ina jin iska tana kaɗawa a cikin wayar, da kukan kurciya can nesa.

"Ruwa sun yi gyara, Inna," in ji shi.

Inna ya ce mini. Ranar ba a doki Baban Biyu ba. Mai kiran ya ma bar shi ya yi magana da matarsa, kalma biyar ko shida, da yarensu.

Haka muka shiga. Kullum da hantsi yake kira, don sai ya hau wani dutse yake samun sabis, kuma da tsohon yake hawa don mu ji numfashinsa. Ƙanen ya nuna mini layi a takarda, ni kuma in juya shi ya koma maganar mutane. In ya rubuta ba za mu iya ba, ni in ce talaka bai da ƙarhi sai na roƙo. In ya rubuta a ba mu lokaci, sai in bi ta kan damina da hanya da halin da gari ke ciki. Wani lokaci ƙanen ya harare ni, yana ganin ya rubuta kalma huɗu na yi arba'in. Bai san a wajenmu wanda ya tafi kai tsaye ga buƙata ya yi zagi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaron yana son hira. Zai gama faɗin abin da zai yi wa tsohon in aka saɓa, da muryar mai cinikin akuya, sannan ya tambaye ni wai da gaske akwai unguwa a Kaduna da aka sa wa sunan akwatin kallo. Ya gwada faɗin sunan ya kasa, ya yi dariya. Dole in yi dariya ni ma, don na lura ranar da ban yi ba hirar gajeruwa take, kuma gajeruwar hira a jikin Baban Biyu take ƙarewa. Ina dariya, zufa na bin bayana, matan coci suna kallo na ba ko ƙiftawa. Ba su jin abin da muke cewa sai tsinci-tsinci. Abin da suke gani shi ne Hajiyar ɗakin can tana raha da wanda ya sace musu ɗan'uwa, da baki iri ɗaya. Rannan ya tambaye ni unguwarmu, alhali ya riga ya sani daga bakin tsohon, na ce masa Kakkuri. Shi bai yi dariya ba, don a kunnensa daidai na faɗa.

Abinci ya daina shiga mini. In waya ta yi ƙara a ko'ina, ko ta mai kanti ce, sai in zabura. Na riƙa mafarkin harshena ya kumbura ya cika mini baki ana jira in yi magana. Maigidana ya daina zuwa shago da safe, sai ya zauna a ɗaki da carbi, labule a ɗage kaɗan.

A kwana na goma sha ɗaya ya kira ba sallama. Ya ce za su tashi daga inda suke, tafiyar yini ce, tsohon kuma ƙafafunsa sun kumbura, ko tsayuwa ba ya yi. Ya ce su ba su ɗaukar wanda bai iya tafiya, kuma ba su barin mai rai a baya. Abin da aka yi alkawari bai haɗu ba, shi kuma ya gaji. Ya ce ya kira ne don matar ta ji da kunnenta, kada a ce bai yi adalci ba. Na ji ƙarar ƙarfe, irin wadda ko ba ka taɓa ji ba za ka gane ta.

Na manta da takarda, na manta da ƙanen. Na sauko daga kujera na durƙusa gaban bokiti kamar yaron yana gani na. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da nonon da ya sha, na ce masa mutumin nan shi ya ɗauki gawar ɗana na fari a motarsa ya kai makwanci ranar da ba mu da ko na mota, kuma gaskiya ne. Ban san me da me na faɗa ba. Na san dai maganar daga can ƙasa take fitowa, ba Hausar Zamfara kawai ba, ta layinmu, ta bakin rijiyarmu, da kalmomin da ko maigidana bai taɓa ji a bakina ba.

Ya bar ni na gama. Sannan, a hankali, ya faɗi sunan garinmu.

Ba zan rubuta sunan ba. A allon bakin hanya gaɓa huɗu ne, haka direbobi ke faɗinsa, haka ake faɗinsa a rediyo. Mu 'yan gari muna haɗiye ta biyu, mu ja ta ƙarshe. Baƙo ko ya shekara goma ba ya iyawa. Shi yadda muke faɗi ya faɗa.

"Inna, ke ɗiyar can ta. Kak ki yi man ƙarya, ba ni son ƙarya."

Uwata tana garin. Yayyena biyu suna garin, gonakinsu a bakin daji. Duk suka zo mini a ido lokaci ɗaya. In na ce a'a ya san ƙarya ce, ga kuma abin da ke hannunsa, ga Baban Biyu a gabansa. In na ce e, na ba shi hanyar gidanmu. Maman Biyu tana girgiza ni tana tambayar me ya ce, me ya ce.

"Awo," na ce, e ɗin garinmu.

Ya tambaye ni ɗiyar wa. Na ce ubana ya daɗe da rasuwa, gidan ya watse, ni ma rabona da garin tun ina amarya. Rabin maganar ƙarya ce, na yi ta ina jiran ƙarar da za ta biyo baya. Bai kama ni ba, ko kuwa ya kama ya ƙyale, har yau ban sani ba. Sai muryarsa ta saki. Ya ce yana yaro yakan bi babansa cin kasuwarmu ran Laraba. Ya kwatanta mini layin masu tukwane, da rumfar mahauta, da tsamiyar da ke bakin shiga. Ya ce akwai wata tsohuwa mai suyar masa a gindin tsamiyar, in ta ga yaro ba shi da ko sisi sai ta ba shi ta gefen tanda, wadda ta ƙone. Ya ce bai ƙara cin masa irin tata ba.

Shekara talatin uwata tana suya a gindin tsamiyar nan. Ni nake wanke mata tanda kafin a yi mini aure.

"Ko tana da rai?" ya tambaya.

"Allah shi ka sani," na ce.

Na dafe ƙasa da hannu biyu don kada in kife. Sai ya ce albarkacin garin ya ƙara kwana huɗu, kuma zai sa a aza tsohon bisa babur. Ya ce in gaya wa matar ta gode mini. Waya ta mutu.

Na gaya musu an ƙara kwana huɗu, ba za a taɓa shi ba. Maman Biyu ta rungume ni tana kuka. Amma ƙanen bai motsa ba. Ya ce ya ji an ambaci sunan wani gari, ya kuma ji na amsa. Ya tambaye ni, da ladabinsa na ofis, ta yaya mutumin ya san garinmu. Na ce a bakina ya ji. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu a takardarsa. Ba wanda ya furta kalmar a gabana, sai washegari a bakin famfo na ji ta daga bayan katangar banɗaki, cikin Buroka, Turancin kasuwa, a bakin wata da muka sha cin tuwo tare: infoma, mai kai wa 'yan daji labari. Na bar bokitina a layi na koma ɗaki. Na san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna, ba a jiran hukuma.

Maman Biyu ce ta kashe maganar, ko in ce ta danne ta. Ta fito tsakar gida ta ce duk wanda ke da magana a kan Hajiya ya zo ya zauna gaban bokitin nan gobe da hantsi, ga waya. Ba wanda ya zo. Amma gaisuwa ta ragu a gidan, na kuma lura in na fito ana sauya zance. Na kira babban yayana na ce masa Innarmu ta tsufa, ya kamata ta huta da zuwa kasuwa. Ya yi dariya ya ce in zo in gaya mata da kaina. Ban iya faɗa masa dalili ba.

Sauran kwanakin a tsorace na yi su ta gaba da ta baya. Kowane kira ina jiran ya ce ya tambaya, an gaya masa ko ni ɗiyar wace ce. Bai sake tayar da zancen ba. Ranar ƙarshe ya ba ni kwatancen inda za a kai saƙo, na juya wa ƙanen shi dalla-dalla, don sunayen ƙauyukan ma yadda yaron ke faɗinsu daban da yadda ƙanen ya san su, sai da muka bi su ɗaya-ɗaya da alamar dutse da gada. Da zai kashe ya ce, Inna, sai mun gamu. Ban amsa ba.

A kwana na goma sha tara, bayan an kai saƙon, da azahar, keke ya tsaya a ƙofar gida. An tsinci Baban Biyu a bakin titi kafin Gonin Gora. Mutum biyu suka riƙo shi. Gemunsa ya yi fari fat, ƙafafunsa kamar an hura, rigar da ya fita da ita ce a jikinsa. Mata suka ɓarke da waƙa, maigidana yana ta hamdala yana share ido. Ni na shiga ɗaki na yi amai, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku.

Da na tashi sai na tarar Hausar da na tono ta ƙi komawa. In ce zan tafi, sai in ji na ce za ni tahiya. Maigidana ya riƙa tsokanata wai an sake kawo masa amarya daga ƙauye. Na yi ta kamewa, musamman in na je gaishe da Baban Biyu, sannu da ya jiki kawai nake yi in fito.

Bayan kamar mako biyu, wata safiya, an ɗauke ruwan famfo muka kira mai ruwa. Baban Biyu yana zaune a benci a bakin ɗakinsu yana shan rana, da kofin shayi a hannu, ya fara samun kansa har yana zancen gyaran mota. Mai ruwan ya zo zai juye mini, ya sheƙa rabin jarka a kan garin da na shanya. Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa.

"Kai, tsaya nan! Mi kaka yi haka?"

Na ji faɗuwar kofi. Da na juya Baban Biyu ba ya kan benci. Yana ƙasa, rub da ciki a cikin ruwan da ya malala, hannayensa biyu a ƙeya, jikinsa na karkarwa.

"Na kwanta," yake cewa. "Na kwanta, na kwanta."

Na nufe shi da gudu ina cewa Baba ni ce, sannu, ni ce. Kowace kalma na faɗa sai ya ƙara ƙanƙame kansa. Maman Biyu ta fito da kumfa a hannu, ta dube shi, ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ɗaga mini hannu kawai.

"Hajiya, ka yi shiru."

Na yi shiru. Na tsaya a tsakar gidan da na yi shekara ashirin a cikinsa, hannuna a kan bakina, har ta lallashe shi da yarensu ta shigar da shi ɗaki.

Da yamma suka zo tare, ita ta yi sallama. Ya zauna a bakin ƙofa bai dube ni ba. Ya ba ni haƙuri. Ya ce duk kiran da aka yi yana kwance a gefe a kan dutsen, ya ji komai, ya san bakina ne ya fito da shi, zai kuma faɗa a gaban kowa har ya mutu. Ya ce kansa ya sani, jikinsa ne bai sani ba. Na so in ce masa ba komai, na tuna, sai na gyaɗa kai.

Wata biyu bayan nan suka tashi suka koma Telebishan kusa da ƙanensa. Sun ce don asibiti ya fi kusa, na karɓa a haka. Nakan je duba su. Maman Biyu ta tare ni a ƙofar gida, mu yi Hausarmu a nan ƙasa-ƙasa, mu gama tsaf. In na shiga falo sai in durƙusa in gaishe shi da 'yar Burokar da na tsinta a kasuwa, guntu-guntu, in tambaye shi jiki da ƙafa. Yakan amsa da fara'a, har ya sa a kawo mini lemo. Bai taɓa cewa in koma Hausa ba, ni ma ban taɓa gwadawa ba.